Su Wane Ne "Ƙasashen Yamma"? Tarihin da Ke Bayan Sunan

Tun watan Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukiren, da wuya mutum ya saurari labaran safe bai ji an ce "ƙasashen Yamma" ba. Ƙasashen Yamma sun ƙaƙaba takunkumi, ƙasashen Yamma sun dakatar da tallafi, sojojin da suka karɓi mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar sun juya wa ƙasashen Yamma baya. Sunan ya zama ruwan dare, har ba a cika tsayawa a tambayi su wa ake nufi ba.

Taswira ba ta amsa tambayar. In aka ja layi daga Kano aka miƙe arewa, Berlin da Roma da Atina duk a ɓangaren gabas za su faɗo. Dakar ta fi Landan da Paris kusa da mafaɗar rana, Maroko ma sunanta na Larabci Magrib ne, wato yamma, amma babu mai lissafa su a ciki. Ostireliya tana can ƙarshen gabas, ana lissafa ta. Japan tana cikin G7, ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki. Rasha kuwa, wadda mafi yawan mutanenta a nahiyar Turai suke zaune, kuma Kiristoci ne, ita ce ma ake nunawa a matsayin kishiyar Yamma. Sunan na tarihi ne, kuma iyakarsa ta sha gusawa.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Turai nahiya ce, daga gaɓar Fotugal zuwa duwatsun Ural na Rasha. Nasara kalma ce ta addini da Hausa ta aro daga Larabci, ma'anarta Kiristoci, ko da yake a bakin mutanenmu ta koma sunan Turawan mulkin mallaka. Kiristocin Habasha da Ƙibɗawan Masar sun riga mafi yawan Turawa karɓar addinin da ɗaruruwan shekaru, kuma ba 'yan Yamma ba ne.

Yamma kuwa, in masana tarihi suka faɗa, suna nufin al'ummomin da suka taso daga yammacin daular Rum, suka bi cocin Roma da harshen Latin, tare da ƙasashen da zuriyarsu ta je ta mamaye ta zauna, irin su Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyuzilan. In 'yan jarida suka faɗa, galibi ƙawancen siyasa da soja da kuɗi suke nufi, wanda Amurka ke ja tun 1945. Ma'anonin biyu sun yi kama, amma ba su zo daidai ba, nan ne ruɗanin yake.

Ita ma "wayewa" tana buƙatar kula. A bakin masu tarihi tana nufin zaman birane da rubutu da doka da rabon sana'o'i. Ba shaidar kyawun hali ba ce. Turawan ƙarni na 19 sun yi amfani da ita a matsayin ma'aunin fifita wasu mutane a kan wasu, shi ya sa har yau kalmar take da ɗaci a kunnen waɗanda aka mallaka.

Kafin rubutu

Masu binciken kufai da ƙasusuwa sun ƙiyasta cewa mutane irinmu sun shiga Turai kimanin shekara 45,000 da suka wuce, asalinsu daga Afirka, suna farauta suna tsinkar 'ya'yan itace. Zanen dawaki da bijimai da ke jikin kogon Lasko na Faransa, mai kimanin shekara 17,000, aikinsu ne. Noma ba a Turai aka fara shi ba. Alkama da sha'ir da tumaki da awaki, a yankin Iraƙi da Sham da kudancin Turkiyya ta yau aka fara sarrafa su, manoma daga Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, suka tsallaka da su Girka kusan shekara 9,000 da suka wuce, suna matsawa sannu a hankali, sai da aka yi wajen shekara 3,000 kafin noma ya isa Birtaniya. Bayan su, wajen shekara ta 3000 kafin Miladiyya, makiyaya masu amalanke suka kwararo daga filayen arewacin Bahar Aswad, inda Yukiren da kudancin Rasha suke yanzu. Yawancin masana suna danganta yaɗuwar dangin harsunan da suka haɗa Girkanci da Latin da Jamusanci da Farisanci da Indiyanci da waɗannan makiyaya. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna Baturen yau gaurayen waɗannan rukunai uku ne.

Rubutu ma baƙo ne a Turai. A Iraƙi da Masar aka fara shi wajen 3200 kafin Miladiyya. Haruffan da ake karanta wannan sharhi da su sun samo asali daga Finiƙawa, 'yan kasuwar teku na gaɓar Labanan. Girkawa suka ara wajen ƙarni na 8 kafin Miladiyya suka ƙara wasula, daga nan suka isa Italiya. Haruffan Larabci ma daga tushen nan suka fito ta hanyar Aramiyanci, shi ya sa alif da ba suka yi kama da alfa da beta na Girka. Ashe boko da ajami 'yan kaka ɗaya ne.

Girka da Rum

Masu ba da tarihin Yamma sun saba farawa da Girka, kuma suna da dalili. A Atina, shekara ta 508 kafin Miladiyya, aka kafa tsarin da 'yan gari za su taru su yanke hukunci kan yaƙi da haraji da doka da kansu, wasu muƙamai ma ƙuri'a ake jefawa a kansu. Daga can kalmar dimokuraɗiyya ta fito. Sai dai "'yan gari" na nufin maza baligai 'ya'yan asali kawai. Mata da bayi da baƙi, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba su da ta cewa. Wannan dimokuraɗiyya ce kuma ta yanke wa Sokratis hukuncin kisa a 399 kafin Miladiyya, abin da ya sa ɗalibinsa Aflatun ya ƙi jinin tsarin har ya mutu. Abin da ya fi daɗewa daga gadon Girka shi ne al'adar kafa hujja: a faɗi magana, a kawo dalili, wani ya tashi ya rushe ta. Mandiƙin Aristotal da lissafin Iƙlidis sun rayu fiye da shekara 2,000 a makarantu.

Amma Girkawa ba su ɗauki kansu 'yan Yamma ba. Fuskarsu Masar da Farisa take kallo, can arziki da tsohon ilimi suke. Iskandar ɗan Makidoniya gabas ya nufa har bakin Indiya, ya rasu a Babila a 323 kafin Miladiyya, kuma cibiyar ilimin Girka bayansa Iskandariyya ce, a ƙasar Masar. Kakannin Jamusawa da Ingilishi, a idon Bagirke, baubayi ne na can ƙurya.

Rum ta kawo abin da Girka ta rasa, wato iya riƙe ƙasa mai faɗi. Ta fara da jamhuriya mai majalisar dattawa a 509 kafin Miladiyya bisa lissafin Rumawa, ta rushe Kartaj da ke Tunisiya ta yau a 146, ta koma hannun sarki ɗaya a zamanin Agustus a 27. Tituna, magudanan ruwa, runduna mai albashi, da doka rubutacciya da ta bambance dukiya da kwangila da gado. Daular ta kewaye teku ne, shi ya sa har yau Bahaushe yake ce masa Bahar Rum. Masar da Tunisiya ne rumbun hatsinta. Sarki Seftimiyus Seferus, wanda ya hau a 193 bayan Miladiyya, haifaffen Libiya ne. A 212 aka ba kusan duk ɗa mai 'yanci a daular matsayin ɗan ƙasa, daga Sham har Ingila. Duk wannan yana tsaye ne a kan bayi masu ɗimbin yawa.

Inda layin ya fara tsagewa

Kiristanci a Falasɗinu ya taso, daga cikin Yahudawa, Rumawa suka yi ta tsananta wa mabiyansa har 313, lokacin da Sarki Kustantin ya halatta shi. A 380 ya zama addinin daula. Kustantin ya gina sabon babban birni a bakin mashigin Bosforus, Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. A 395 aka raba daular gida biyu: gabas mai Girkanci, yamma mai Latin. Wannan shi ne layi na farko da kalmar "Yamma" ta samu ma'ana a kansa.

Ɓangaren yamma shi ne matalauci, shi ya fara faɗuwa. A 476 wani shugaban mayaƙan Jamusawa ya tuɓe sarkinsa na ƙarshe. Birane suka ragu, karatu ya koma gidajen ibada. Gabas kuwa ta ƙara kusan shekara 1,000, can ne Sarki Justiniyan ya sa aka tattara dokokin Rum tsakanin 529 da 534, kuma su ne Rumawan da Alƙur'ani ya ambata a Suratur Rum. Malamin da ya fi kowa tasiri a tunanin cocin yamma, Agustin, ɗan Arewacin Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu.

Zuwan Musulunci a ƙarni na 7 ya sake zana taswirar. Sham da Masar da Magrib suka fita daga hannun Rumawa, a 711 Ɗariƙ bin Ziyad ya tsallaka Andalus. Kiristocin Latin suka koma suna dogaro da arewa. Ranar Kirsimeti ta shekara ta 800 Fafaroma ya naɗa Sharlaman, sarkin Faranka, a matsayin sarkin Rumawa, alhali akwai mai wannan sarauta a Kustantiniyya. Saɓani kan ikon Fafaroma da wasu batutuwan aƙida ya yi ta girma har cocin biyu suka yi baram-baram, ana lissafa rabuwar daga 1054. Rasha da Yukiren da Sabiya da Bulgeriya ta hannun Kustantiniyya suka karɓi addini, da nasu haruffan daban. Folan da Hangari da Kuroshiya ta hannun Roma. Wanda ya riƙe wannan rabuwar zai gane abubuwa da yawa a siyasar Turai ta yau.

Yaƙe-yaƙen salibi da Fafaroma Urban na biyu ya yi kira gare su a 1095 sun ƙara zurfafa ramin, kuma ba tsakanin Kirista da Musulmi kaɗai ba. An kama Ƙudus a 1099, Salahuddin ya karɓe ta a 1187, sannan a 1204 mayaƙan salibi suka wawashe Kustantiniyya kanta, birnin 'yan'uwansu Kiristoci.

Ilimin da ya zagayo ta Bagadaza da Ƙurɗuba

Yawancin littattafan Aristotal da na likita Jalinus sun ɓace wa masu karatun Latin na tsawon ƙarnoni. A Bagadaza ta Abbasiyawa aka fassara su zuwa Larabci, manyan masu fassarar ma akwai Kiristoci irin su Hunainu bin Ishaƙ. Malaman Musulmi ba ajiya kawai suka yi ba. Alkhawarizmi ya tsara aljabara, Ibnul Haisam ya yi gwaje-gwaje kan haske da gani, Ibnu Sina ya tattara ilimin likitanci, Ibnu Rushd na Ƙurɗuba ya yi wa Aristotal sharhin da malaman Paris suka dogara da shi. A ƙarni na 12 birnin Toledo ya zama kasuwar fassara daga Larabci zuwa Latin. Fibonachi na birnin Pisa ya koyi lambobin Indiya a Bijaya ta Aljeriya, ya yaɗa su a Italiya daga 1202. Takarda da albarushi daga Sin suka taso. Zinariyar da biranen Bahar Rum suke buga kuɗi da ita, kaso mai yawa ta Sahara take ratsowa daga Afirka ta Yamma, har wata taswirar Turawa ta 1375 ta zana Mansa Musa riƙe da curinta.

Adalci kuma shi ne a faɗi abin da Turawan suka ƙago da kansu a wannan zamani. Jami'a a matsayin ƙungiya mai cin gashin kanta da dokokinta, irin ta Bolonya da Paris da Oksfod. Birane masu yarjejeniyar 'yanci daga sarakuna. Majalisun da sarki ba ya iya ƙara haraji sai da yardarsu. A 1215 manyan Ingila suka tilasta wa Sarki Jon ya sa hatimi a takardar Magna Karta, wadda ta ce ba za a kama ɗa mai 'yanci ba sai bisa shari'a. Kare kansu suka yi, ba talaka ba, amma ƙa'idar cewa sarki ma yana ƙarƙashin doka ta samu gindin zama. Babu wanda ya taɓa haɗe Turai ƙarƙashin hannu ɗaya bayan Rum, kuma Fafaroma da sarakuna kullum cikin ja-in-ja suke. A wannan tsagar ce 'yan kasuwa da malamai suka samu wurin numfashi.

Injin ɗab'i, jirgin ruwa, da jini

Annobar da ta ratsa Turai daga 1347 zuwa 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a. Cikin shekara 150 da suka biyo baya abubuwa suka zo a jere. Gutenbag ya ƙera injin ɗab'i a Jamus wajen 1450. Usmaniyawa suka ci Kustantiniyya a 1453. A 1492 Garnaɗa, masarautar Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi, aka kori Yahudawa daga Sifaniya, Kolombus kuma ya isa nahiyar Amurka. A 1498 Basko da Gama ya zagaya Afirka ya sauka Indiya. Cibiyar arziki ta tashi daga Bahar Rum ta koma Tekun Atlantika.

A 1517 Martin Luta ya ƙalubalanci Fafaroma, injin ɗab'i ya baza maganarsa kafin a ankara, cocin yamma ya dare gida biyu, Katolika da Furotesta. Aka shiga yaƙin addini fiye da ƙarni guda. Na shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, ya halaka miliyoyi a ƙasar Jamus. Wannan muhimmi ne ga mai son fahimtar dalilin da Turawa suke nanata raba addini da gwamnati: ra'ayin ya fito ne daga gajiya da kashe-kashen junansu, da kuma rigima da coci mai ƙasa da kotu da haraji. Al'ummar da ba ta bi ta wannan hanya ba, ba lallai ta ji maganar yadda su suke jin ta ba.

A tsakanin nan kimiyyar gwaji ta kafu. Kofanikus ya ce ƙasa ce ke zagaya rana a 1543, coci ya gurfanar da Galileyo a kan haka a 1633, Niyuton ya fitar da ƙa'idojin motsi a 1687. Masu tunani na ƙarni na 17 da na 18 suka ɗauki wannan hanya suka auna sarauta da ita, suka ce mulki da yardar jama'a yake halatta. Daga nan shelar 'yancin Amurka ta 1776 da juyin juya halin Faransa na 1789.

A daidai waɗannan ƙarnoni ne jiragen Turawa suka ɗebi mutum kimanin miliyan 12.5 daga Afirka, kusan miliyan 2 suka mutu a teku. Sarakuna da fatake na Afirka suna cikin masu sayarwa, kuma cinikin bayi ta Sahara ya riga wannan, amma gonakin rake da auduga na Amurka ne suka mai da abin masana'anta, suka kuma ɗaure bauta da launin fata. Akwai Hausawa cikin waɗanda aka kai Bahiya ta Barazil, suna cikin masu tayar da bore a can a farkon ƙarni na 19. Tomas Jefason, wanda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, yana da ɗaruruwan bayi. Bayin Haiti ne suka riƙi maganar da gaske, suka yi yaƙi daga 1791 har suka kafa ƙasarsu a 1804. Birtaniya ta hana cinikin a 1807, Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888.

Me ya sa suka yi gaba?

Har wajen 1750 Sin da Indiya ne manyan masu sarrafa kaya a duniya. Cikin ƙarni ɗaya injin tururi da masaƙun Manchesta da jirgin ƙasa suka kife lissafin. Da jirgin ruwa mai tururi da maganin kwini da bindiga mai jigida, Turawa suka zauna a Berlin daga 1884 zuwa 1885 suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. Dalilin wannan tazara shi ne inda masana suka fi saɓani.

Ɓangare na farko yana cewa sirrin na cikin gida ne: kare haƙƙin mallaka, kotuna, bankuna, gasa tsakanin ƙananan ƙasashe, da kimiyyar da ta shiga hannun maƙera. Maks Weba na Jamus ya ƙara da tarbiyyar Furotesta ta aiki da tattali. Masu suka suna tuna masa cewa biranen Italiya na Katolika sun yi banki tun kafin a haifi Luta, kuma Beljiyam ta Katolika tana sahun farko a masana'antu.

Ɓangare na biyu, irin su Erik Wiliyams na Tirinidad da Walta Rodni na Guyana, yana cewa gumin bayi da dukiyar ƙasashen da aka mallaka ne jarin. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin audugar da masaƙun Ingila suka rayu a kanta bayi ne suka noma mafi yawanta a kudancin Amurka. Tambayar da ake yi musu ita ce, Fotugal ta fi kowa jigilar bayi, Sifaniya ta kwashi azurfar Amurka, me ya sa ba su ne suka fara masana'antu ba?

Ɓangare na uku, wanda Kenet Pomeranz ya yi fice a cikinsa, yana cewa yankunan Sin masu arziki ba su gaza Ingila ba har ƙarni na 18, sai dai Ingila ta dace da kwal kusa da biranenta da filayen Amurka da suka ɗauke mata nauyin noma. Wasu masana tattalin arziki sun ba shi amsa da cewa ladan leburan Landan da Amstadam ya riga ya zarce na sauran duniya tun kafin lokacin.

In aka duba masaƙa ɗaya ta Manchesta a 1850, za a ga duka ukun a cikinta: injin da doka ta kare wa mai ƙirƙira haƙƙinsa, kwal daga ramin da ke kusa, da auduga daga gonar bayi. Cire ɗaya, masaƙar ta tsaya. Gardamar da ta rage ta nauyin kowanne ce.

Yadda sunan ya koma na siyasa

Maganar "wayewar Yamma" a matsayin zare ɗaya daga Atina zuwa Washinton ba tsohuwa ba ce. Mutanen tsakiyar zamani "duniyar Kirista" suke cewa, na ƙarni na 18 "Turai". A ƙarni na 19 "Yamma" ta fara yaɗuwa, jami'o'in Amurka kuma suka mai da ita darasi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A lokacin ma Jamus ba ta da tabbacin kujera a ciki. Yaƙe-yaƙen duniya biyu, da kisan Yahudawa miliyan 6, daga tsakiyar Turai suka fito, aka kuma ja 'yan mulkin mallaka ciki, har da sojojinmu da aka kai Bama.

Yaƙin cacar baka ne ya ba sunan ma'anarsa ta yau. Yamma ta zama duk wanda ke bayan Amurka, Gabas duk wanda ke bayan Tarayyar Sobiyat. Aka kafa ƙawancen soja na NATO a 1949, Turkiyya da Girka suka shiga a 1952. Folan ta Katolika ta koma "Gabas", Japan ta koma "Yamma". Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 da rushewar Sobiyat a 1991 layin ya gusa gabas, har Finlan ta shiga NATO a 2023, Suwidin a 2024. Gwamnatin Rasha tana kallon wannan a matsayin barazanar da aka kawo mata har ƙofar gida. Ƙasashen da suka shiga suna cewa su suka nema da kansu, saboda abin da suka gani a hannun Mosko. Yukiren tana kan layin kanta: mafi yawan jama'arta cocin gabas suke bi, a yammacinta kuma akwai masu biyayya ga Fafaroma.

Masu kare kalmar suna cewa akwai gado na gaske da ya haɗa waɗannan ƙasashe, wato mulkin doka da zaɓe da 'yancin faɗin ra'ayi. Masu sukar ta suna cewa waɗannan abubuwa sababbi ne ko a can: matan Faransa ba su samu ƙuri'a ba sai 1944, na Siwizalan sai 1971, baƙaƙen kudancin Amurka sai da dokar 1965, Sifaniya da Fotugal da Girka kuwa suna ƙarƙashin kama-karya har tsakiyar shekarun 1970.

Inda abin ya taɓa talaka

Wanda ya rubuta "Litinin, 5 ga Agusta" ya haɗa tarihin nan a layi ɗaya. Sunan ranar daga Larabci, lambar daga Indiya ta hannun Larabawa, watan sunan Sarki Agustus ne, kalandar kuma wadda Fafaroma Giregori ya gyara ce a 1582. Makarantar boko da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ce mafarin hanyar da takardar shaida ta zama mabuɗin aikin gwamnati.

A kotu ma haka. Najeriya ta gaji dokar Ingila mai dogaro da hukuncin alƙalan baya, Nijar ta gaji ta Faransa mai kundi, wadda Napoliyon ya tsara a 1804 bisa tushen dokar Rum. Ɗan Katsina da ɗan Maraɗi, dangin juna, in rigimar kwangila ta kai su babbar kotu, hanyoyi biyu daban za a bi da su, ban da shari'ar Musulunci da al'ada da kowace ƙasa ta ba nata matsayi.

Ta fuskar aljihu abin ya fi zafi. A taron Bireton Wuds na 1944 aka kafa Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, lokacin da kusan duk Afirka tana hannun Turawa. Al'adar da aka ɗora tun sannan ita ce Ba'amurke ya shugabanci bankin, Bature ya shugabanci asusun, nauyin ƙuri'a kuma gwargwadon hannun jarin ƙasa. Sharuɗɗan da suka zo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a Najeriya a 1986, da shawarwarin cire tallafi da sakin darajar kuɗi, daga waɗannan cibiyoyi suke fitowa, kuma a farashin mai da taki da kwanon masara ake jin su. Sefa, wadda Faransa ta ƙirƙira a 1945, har yanzu a ɗaure take da yuro. Masu goyon baya suna cewa hakan ya hana hauhawar farashi irin ta maƙwabta, masu adawa suna cewa ya hana ƙasashen iko da kuɗinsu. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, uku daga cikin kujeru 5 masu ikon hawa kujerar naƙi na Amurka da Birtaniya da Faransa ne, Afirka ba ta da ko ɗaya.

Saboda haka in labari ya ce "ƙasashen Yamma", mai sauraro yana iya tambaya wace ƙungiya ake nufi. In takunkumi ne, galibi Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya ne, wani lokaci da Japan. In soja ne, NATO ce, da Turkiyya a ciki. In bashi ne, masu rinjaye ne a bankin da asusun, alhali Sin, wadda ba ta cikinsu, ta zama babbar mai ba gwamnatocin Afirka rance kai-tsaye. Su kansu ba baki ɗaya suke magana ba. Faransa da Jamus sun ƙi goyon bayan mamaye Iraƙi a 2003, Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, a Nijar ma sojojin Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka suka ci gaba da zama a Agadas har cikin 2024. Nauyinsu a duniya kuma yana sauyawa: a 1900 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya a Turai suke, yau ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba.